Wa Zai Zaɓi Sanata, Wa Zai Kai Ki Filin Jirgi

Upper Marlboro, Maryland
Lahadi, bayan La'asar

Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda ga motsinki nan ina ji a sama, kina jan akwati daga wannan bango zuwa wancan. Allah Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Laraba, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Kin ga na rubuta sunanki. Na daɗe riƙe da biro kafin in iya. Ke ce 'yar fari, kuma a gidan da na tashi a Kano uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba. Ni ma ɗan fari ne, kuma mahaifina har ya koma ga Allah “wancan yaron” yake ce min. Ban taɓa shakkar yana sona ba, domin duk unguwarmu haka ake yi, kowa ya san ma'anar abin. Kuskurena shi ne na ɗauko al'adar ɗungurungum na kawo ta Maryland, inda babu mai fassara miki ita sai mutum ɗaya, mahaifiyarki. Ga shi Allah Ya karɓi Hajara bara waccan, Ya bar mu ni da ke muna gaisawa a bakin firji.

Labarin aikin da kika samu a majalisar dokokin jihar Oregon ta hannun mutum biyu ya iso ni. Ke kika gaya wa ƙanenki Faruk, Faruk ya gaya wa Gwaggo Asabe a Beltsville, ita kuma ta bugo min waya ta fara da, “Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka,” har na zaci rasuwa aka yi a gida. Alhali bene ɗaya ne tsakanina da ke. Ban yi fushi ba, hanyar da na shimfiɗa miki ce kika bi. Amma ina jin tsoro, kuma gara in faɗa ƙarara. Ina tsoron ki tafi a haka, Gwaggonki ta gaji kujerar mahaifiyarki, in ƙarasa tsufana ina jin labarinki a bakin wasu. Shi ya sa na zauna zan lissafa miki inda na yi tuntuɓe, ko kya kauce.

Tunda majalisa za ki, bari in fara da gardamarmu ta sanatoci.

Lokacin da nake shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa kina firamare. A jirgin ƙasa nake karatun, kan hanyar zuwa ofishinmu na unguwar Southwest a birnin Washington. Kin san halina, idan aka ce in karanta shafi ɗaya sai na karanta littafin duka, na nemo wani na ƙara. A nan na gano cewa a da can ba jama'a ke zaɓen sanata a ƙasar nan ba. Jama'a su zaɓi 'yan majalisar jiharsu, su kuma 'yan majalisar su zauna su zaɓi mutum biyu da za su tafi Washington. Sai a farkon ƙarnin da ya wuce aka gyara tsarin mulki aka miƙa wa kowa ƙuri'ar. Wallahi tsohon tsarin nan ya kwanta min a rai. Na ce ashe Turawan nan sun taɓa yin hankali irin na dattawanmu. Talaka yana can yana fama da aikinsa, ina ya ga lokacin sanin wane ne wane? Wanda ya fi yawan talla a talabijin da daɗin baki shi zai kwashe ƙuri'arsa. Ɗan majalisar jiha kuwa ya zauna da mutumin, ya san ko yana cika alkawari. Na ɗauki maganar nan na ishi kowa da ita. Akwai wani abokin aikina baƙar fata, haifaffen birnin Washington, da ya saurare ni har na gama, ya ce shi ko ta majalisa ko ta ƙuri'a ba shi da sanata ko ɗaya, tunda birninsu ba jiha ba ne, don haka in je in yi gardamata da masu shi.

Shekaru suka ja, kina sakandare, maganar ta sake tasowa a rediyo, wasu na cewa a koma tsohon tsari. Malaminku ya sa ta a gasar muhawara, aka ba ki ɓangaren ƙuri'ar jama'a. Kin tuna daren tuwon nan? Muna zaune mu huɗu, ke kina dab da hannun damana, amma na dubi mahaifiyarki na ce, “Ki gaya wa yarinyar nan ɓangaren da aka ba ta ba shi da ƙafa. Taro ba ya zaɓe, taro ihu yake yi.”

Hajara ta juyo gare ki ta ce, “Kin dai ji Abbanki.”

Ke kuma, don neman magana, ba ki dube ni ba. Kika dubi mahaifiyarki kika ce da Turancinki mai gudu, “Mama, ki gaya wa Abba sayen mutum ɗari a ɗaki ɗaya ya fi sayen jiha guda sauƙi. Ki gaya masa an sha yin majalisar da ta kasa shiryawa, kujerar sanata ta zauna babu kowa. Sannan ki tambaye shi yadda ake yi da daliget a Najeriya, tunda shi yake ba mu labarin.”

Faruk ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. Ni kuwa da idona na taɓa ganin an kulle daliget a otal ana yi musu hidima kamar angwaye har ranar zaɓen fid da gwani. Kin kayar da ni da sandata. Daɗi ya cika min ciki, irin daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, “Ki ce mata ta ci abincinta kafin ya huce.”

Ranar gasar ni na tuƙa ku zuwa makaranta. Mahaifiyarki ta ce in shigo, na ce zan gyara fakin. Ban shigo ba. A ganina abin kunya ne a ga uba zaune yana tafa wa 'yarsa ta fari. Na zauna a mota ina kallon iyayen wasu suna shiga da furanni, har kuka fito. Kika leƙo ta taga kina riƙe da takardar yabo, kika ga ina karanta jarida, kika zagaya kika shiga baya. Jaridar nan ko layi ɗaya ban karanta ba.

To ga nasihata. Idan wani ya fi ki gaskiya a gardama, ki faɗa masa a gabansa, da zafinta, kada ki bari sai kin je gida ki yaba shi a zuci. Idan kuma wanda kike so yana cikin zaure, ki shiga ki zauna inda zai gan ki.

Na biyu ya faru ne a ƙungiyarmu ta Hausawan yankin nan. Da muka yi yawa, aka ce a rubuta ƙa'idar zaɓen shugaba, aka ɗora min aikin saboda an san ni da son rubuce-rubuce. Kin san abin da na rubuta ba sai na faɗa ba. Kowace unguwa ta ba da wakili, wakilai su zauna su fid da shugaba. Na tsaya a gaban taro ina cika baki, na ce haka waɗanda suka kafa Amurka suka tsara wa majalisar dattawansu, mu ma kada mu bari hayaniya ta raba mu. Aka amince, don babu mai ƙarfin ja da ni idan na fara.

Abin da ban hango ba, wa zai zama wakili? Sai mai babban falo da hutun Asabar. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, duk 'yan arewacin Najeriya, duk mun san juna tun daga gida. Mutanen Kumasi da Accra masu aikin jinyar tsofaffi, da 'yan Nijar masu tuƙa tasi, Asabar ce ranar da suka fi aiki. Mata kuwa suna kicin suna soya mana nama. Wakilai suka zauna a falon wani likita, aka sha shayi, aka zaɓe ni babu hamayya. Na dawo gida ina ji da kaina.

Na yi aiki, Allah Ya sani. Amma duk shawarar da zan yanke, waɗancan fuskokin nake gani, domin su suka ɗora ni kuma su za su iya sauke ni. Da aka zo taron Sallah, na tambayi wakilai ranar da ta fi, suka faɗa, na kama wuri a lambun shaƙatawa, aka dafa abincin mutane da yawa. Waɗanda suka zo ba su cika rumfa ɗaya ba. Na tsaya ina kallon tukwanen shinkafa, yara ƙalilan suna guje-guje, ga lasifikar da na ɗauko haya babu wanda zan yi wa jawabi.

Washegari na biya kantin Alhaji Issaka, mutumin Kumasin nan da muke sayen manja da daddawa a wurinsa. Na ce, “Alhaji, me na yi muku?”

Ya ci gaba da jera gwangwani, ya ce, “Injiniya, ba ka yi mana komai ba. Mu ba mu zaɓe ka ba, ba mu kuma ƙi ka ba. Ba a dai tambaye mu ba. Zauna ka sha koko.”

Bayan na sauka aka canza ƙa'ida, kowa ya jefa ƙuri'a, mata da maza. Kin san wa suka zaɓa? Wani mai daɗin baki da ya yi alkawarin gina cibiya da makabarta da makarantar Islamiyya, har yau ko bulo ɗaya ba a gani ba. Kin ga ashe ban yi ƙarya duka ba, kuma ina so ki rubuta min wannan a lissafinki. Amma ranar taron shekara ɗakin ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a bakin ƙofa da kayan aiki a jikinsu. Sun zo su yi masa tas, suka kuwa yi masa, har wata tsohuwa ta ce ya dawo mata da ƙuri'arta. Ina zaune a baya sai na ji ina kishinsa. Shi nasu ne, sun zo zaginsa. Ni ko zagi ba wanda ya taso ya zo ya yi min.

Inda za ki, za ki zauna cikin mutane kaɗan da suka san juna, masu gaisawa a lif da cin abincin rana tare. Za su yi miki kirki, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Sannu a hankali za ki fara ɗauka cewa ginin nan shi ne jihar. Idan kika ji ana cewa “kowa ya yarda,” ki tambaya su wane ne kowa, kuma wa yake wurin aiki lokacin da aka yi zaman. Wayar da talaka zai bugo ofis yana faɗa, kada ki tura ta ga na'urar ɗaukar saƙo. Mai faɗa bai fid da rai da ku ba tukuna.

Na uku shi ne mai nauyin, kuma babu mugu a cikinsa.

Da kika gama sakandare na ce wa mahaifiyarki, “Ki gaya mata likitanci za ta karanta, ban yarda da wani abu ba.” Bayan kwana biyu ta ce min, “Na gaya mata, ta ce to.” Na ji daɗi. Sai daga baya na san yadda saƙon ya isa gare ki. Ce miki ta yi, “Abbanki ya ce ki yi tunani sosai, shi dai da likitanci ya so.” Ke kuma kika ce kin yi tunanin, kimiyyar siyasa za ki yi, ta ce miki to, ita za ta san yadda za ta yi da ni. Ta rage wa maganata kaifi kafin ta ba ki, ta rage wa taki kafin ta ba ni, tana jiran ranar da zan kasance cikin nishaɗi ta warware min. Ranar ba ta zo da wuri ba, domin ni ba mai yawan nishaɗi ba ne.

Kina kwana a gidan nan, kina zuwa jami'a kina dawowa, littattafanki a kan tebur, ban taɓa ɗaga ɗaya na duba bangonsa ba. Har aka yi wani suna a Beltsville, ina cikin maza ina ba da labari, na ce ai yarinyar wajena ta kusa fara duba marasa lafiya. Wani yaro ɗan ajinku da ke raba lemo ya ce, “Baba, Nafisa? Ai siyasa take karanta, ita ce ma shugabar masu muhawara.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi ta maza na ce ai wasa nake yi, marasa lafiyar siyasa nake nufi, aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

A mota na sauke wa Hajara kwandon faɗa. Ta bari na gama, ta ce, “Da na kawo maka maganarta yadda ta faɗa, da ka rantse, kuma kai idan ka rantse ba ka dawowa. Da na kai mata taka yadda ka faɗa, da ta bar gidan. Ni na zaɓi in riƙe ku duka biyun. Idan ba ka son yadda nake kai saƙo, ga ta can, ɗakinta ba shi da kwaɗo.”

Gaskiya ta faɗa, kuma ta riƙe mu ɗin. Ban taɓa ganin wakili irinta ba, ba ta taɓa neman komai don kanta ba. Amma dubi abin da ya biyo baya. Saboda ta iya aikin, ni da ke ba mu taɓa koyon faɗa da juna ba, balle shiri. Ban san yadda muryarki take ba idan ranki ya ɓaci da ni, ke ma ba ki san cewa faɗana ba ya kwana ba. Tana asibiti, kwanakinta na ƙarshe, ina gefe ɗaya na gado kina ɗaya gefen, na ce mata, “Ki ce ta je gida ta huta.” Ta buɗe ido da ƙyar, ta yi murmushi ta ce, “Malam, na ajiye aiki. Ka faɗa mata da kanka.” Muka yi dariya ni da ke, kowa yana kallon bargo. Ban faɗa ba, ke ma ba ki tafi ba.

Don haka ki ji tsoron wakili nagari fiye da mugu. Mugu za ki gane shi ki ture shi. Nagari kuwa zai sauƙaƙa miki rayuwa har ki manta yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa. Duk wanda zamanki da shi ya zama dole, ko maigidanki a ofis, ko maƙwabci, ko mijin da Allah zai ba ki, kada ki bari wani ya zama shi kaɗai ne hanyar da ke tsakaninku, komai kirkinsa. Ki faɗi taki, ki ji tasa, ko da za a kwana ba a shirya ba.

Kada ki ɗauka kin gama da ni a kan sanatoci. Har gobe ina ganin akwai abin da aka yi asara da aka bar tsohon tsari. Jiha ta rasa bakin da ke magana da sunanta, kuma yanzu sai mai iya tara dukiyar talla ke tsayawa. Duk lokacin zaɓe ina zuwa makarantar firamaren nan ta bayan layinmu in bi layi ni kaɗai, in dubi sunayen mutanen da ban taɓa gani ba sai a allo, in ce anya. Amma ina dangwalawa, kuma idan na fito nakan ji cewa an tambaye ni. A da ina raina wannan jin. Yanzu da na zauna a gidan da ba mai tambayata komai, na daina raina shi.

Gidan ya yi girma, Nafisa. Faruk yana makaranta, sai hutu. Nakan dafa shinkafa in manta, sai in auna ta mutum huɗu. Ranar Juma'a in biya wurin Alhaji Issaka mu yi gardamar ƙwallo, shi ke nan hirar mako. Ba don ki fasa tafiya na faɗi wannan ba. Ki tafi, aikin ya dace da ke, kuma ina alfahari da ke tun daren tuwon nan har yau. Ga shi na faɗa, ko da yake a takarda ne. Na san takarda ma 'yar aike ce, amma ita ba ta rage komai a hanya.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da ana tsakiyar zaman majalisa. An ce ruwan sama ba ya ɗaukewa a can, ki sayi takalmin kirki, kada ki tsaya gayu. Ki nemi masallaci tun makon farko, ki gaida tsofaffin da kika tarar da Hausarki yadda take, ba wanda zai yi miki dariya sai ni.

Allah Ya kiyaye ki gaba da baya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa ki fi ƙarfin zuciyarki, Ya ba ki gaskiya da ƙarfin faɗinta. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta, Ya saka mata da alherin wahalar da muka ba ta. Allah Ya yi miki albarka.

Saura magana ɗaya. Gwaggonki ta bugo ɗazu ta ce ɗanta zai zo ranar Laraba ya kai ki filin jirgi, wai kada a wahalar da ni. Ban ba ta amsa ba. Ni nake so in kai ki, in ɗaukar miki akwati, in shiga ciki har inda masu tsaro za su ce in tsaya. Hanyar da ɗan nisa, kuma ban yi alkawarin zan iya hira ba, wataƙila ki ji ina yi miki bayanin tayoyin mota. Idan kin yarda, ki sauko ki faɗa min. Idan ba ki yarda ba, ko kina da faɗan da kika daɗe kina ajiye min, shi ma ki sauko ki yi min shi da bakinki, da Hausa ko da Turanci, zan zauna in ji har ƙarshe. Kada dai ki aiko Faruk ta waya.

Zan turo wannan ta ƙarƙashin ƙofarki in dawo ƙasa. Ban kunna talabijin ba, don in ji takunki a kan bene.

Wassalam.

Mahaifinki,
Kabiru